Sati takwas ba hura ba tuwo: littafin guduna

Lahadi, 3 ga Nuwamba 2024

Gobe zan fara, in Allah ya kai mu. Saboda haka daren nan na ci tuwon gero da miyar kuka har mai ɗakina ta tambaye ni ko tafiya ce ta kama ni, na kuma kora da rabin ƙwaryar hura. Sai ƙarshen Disamba zan sake ganinsu a gabana.

Mu biyar ne muke gudu bayan sallar asuba, sau huɗu a sati, shekara shida ke nan. Tun cikin damina ƙaramin cikinmu, ɗalibi ne a jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo ta nan Maraɗi, ya ishe mu da zancen wani tsarin abinci wai shi keto. A faɗarsa, in mutum ya bar hatsi da sukari ya koma kan mai da nama, jikinsa zai koyi ƙona kitse, ya yi ta gudu daga nan har Katsina bai ji yunwa ba. Ni kuwa kimiyyar halittu nake koyarwa a kwaleji, kuma abin da nake rubuta wa yara a allo kowace shekara shi ne, sukari ne man tsoka. Muka yi ta ja-in-ja har dattijon cikinmu, tsohon soja ne, ya gaji da mu. "Mushe, gani ya kori ji," in ji shi, don haka ake kiran malamin makaranta a nan. "Kai ne mai littafi da alƙalami, gwada mana a jikinka mu huta."

Ba don ƴan wasa aka ƙirƙiro tsarin ba. A 1921 wani likita mai suna Russell Wilder, a asibitin Mayo na Amurka, ya tsara shi don masu farfaɗiya. An daɗe da lura azumi na rage musu faɗuwa, ga shi kuma ba a ɗora wa yaro azumin da ba ya ƙarewa. Sai aka nemo abincin da zai sa jiki ya ɗauka azumi yake, alhali ana ci. In sitaci da sukari suka yi ƙaranci sosai, hanta kan shiga sarrafa kitse tana fitar da wasu sinadarai da ake kira keton, ƙwaƙwalwa da tsoka su riƙa aiki da su.

Ƙa'idar da na ɗaura wa kaina ita ce kada sitaci da sukari su wuce giram 50 a yini. Giram 100 na gero na ɗauke da wajen giram 70, ke nan ƴar ƙaramar ƙwaryar hura ta cinye rabon yini har da bashi. Tuwo, shinkafa, burodi, wake, rogo, dankali, dabino, duk na yi musu sallama.

Awon farawa: nauyi kilo 76. Bugun zuciya da na farka, 58 a minti. Kilomita 5 a miƙaƙƙiyar kwaltar hanyar Ɗan Isa, jiya, minti 22 da sakan 40. Kilomita 20 a hanyar Tibiri, zuwa da dawowa, Lahadin da ta wuce, awa 1 da minti 52. Salula ce ke auna mini nisa. Na je an ɗebi jinina, sukari lafiya lau, hawan jini babu. Mai allurar insulin, ko mai shan maganin ciwon sukari, ko mai ciwon ƙoda, ko mai juna biyu, kada ya bi sawuna sai da iznin lokotoro.

Laraba, 6 ga Nuwamba

Kwana uku, kilo ɗaya da rabi ya tafi. Ɗalibin namu har da tafi. Na ce masa ya dakata, ruwa ne wannan.

Jikin mutum na da ajiya iri biyu. Akwai sukarin da aka ɗaure aka ajiye a tsoka da hanta, wajen giram 400 zuwa 500 gaba ɗaya, wato kalori 2,000 ko kusa da haka (kalori shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki). Akwai kuma kitse, wanda ko siririn mutum yana ɗauke da kilo da yawa nasa, kowane giram kuma kalori 9. Yadda nake fahimtar da yara a aji: ajiyar sukari kamar gari ne a ƙwarya, an riga an niƙa, ruwa kawai za a ɗora. Kitse kuwa damman gero ne a rumbu. Ya fi garin yawa nesa ba kusa ba, sai dai kafin ya zama tuwo sai an yi sussuka, an yi surfe, an kai niƙa. Mai gudu yana cin kusan kalori ɗaya kan kowane kilo na nauyinsa a kowace kilomita, saboda haka mai nauyina garin ƙwaryarsa ba zai kai shi nesa da kilomita talatin ba. Abin da masu keto ke nema shi ne a koya wa jiki saurin sussuka.

Kowane giram na waccan ajiyar sukari yana riƙe da ruwa wajen giram uku. Tana ƙarewa, ruwan ya bi fitsari. Daren jiya sau uku na tashi. Gudun yau kilomita 6, ƙafafuna kamar an ɗaura musu turmi, kaina kuma na sara tun hantsi.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka. Shekaranjiya ina tsaye a gaban allo jiri ya ɗebe ni, sai da na dafa tebur, na ce wa yara su kwafi abin da ke rubuce. Jiya da dare kuma sharaɓata ta dama ta murɗe, na yi ƙarar da ta tada yaron goye.

Gishiri ne ya yi ƙaranci. In mutum ya daina cin sitaci, insulin, sinadarin da ke sauke sukarin jini, na raguwa, ƙoda kuma sai ta riƙa sakin gishiri fiye da da, ruwa ya bi shi. Ga iskar hunturu ta fara busawa, zufa na bushewa a jiki ba ka sani ba. Mai ɗakina ta dafa mini romon ƙashi da gishiri mai ɗan yawa, na sha kwano ɗaya da dare, ɗaya da asuba kafin fita. Ciwon kan ya sake ni kafin azahar. Da na san haka da tun Litinin na fara.

Ita ce kuma ta fara gane keton ɗin ya iso, tun kafin wani awo. "Malam, ɗan matsa can, bakinka kamar na mai azumi da la'asar." Gaskiyarta, dalilin ma kusan ɗaya ne: wani ɓangare na keton ɗin ta numfashi yake fita. Na sayi tsinkayen takardar nan na gwajin fitsari da masu ciwon sukari ke amfani da su, na tsoma, ɗan murabba'in ya rine ya koma shunayya. Na shiga ke nan, a kwana na shida.

Kilomita 8 a hankali. Dattijo ya yi ta rage gudu yana jirana, bai ce komai ba, wanda ya fi mini zafi da a ce ya yi magana.

Laraba, 13 ga Nuwamba

A fada na roƙi a ɗebar mini shayina kafin a zuba sukari. Mai dafawa ya dube ni kamar na ce a yi sallah ba alwala. Na farkon nan ba sukari, maɗaci ya san da zamansa. Nauyi 74. Barci ya daidaita.

Lahadi, 17 ga Nuwamba

Da yawa sun tambaye ni, to me kake ci? Da safe ƙwai uku soyayye wajen mai shayi, ba burodi. Da rana kwaɗon zogala da ɗan ƙuli-ƙuli da man gyaɗa har yana ƙyalli, ko awara. Da dare miyar da aka yi wa gida ce, kuɓewa ko lalo ko yakuwa, a ƙara mini nama da man shanu in sha da cokali kamar majinyaci. Ranar da aljihu ya yi nauyi, balangu mai kitse ko kifi. Cuku in an samu. Kabeji da salak da kokwamba na masu lambu sun fara shigowa, su ne suka cece ni, don satin farko sai da na yi kwana uku ban zaga ba.

Akwai tarkuna. Babba a cikinsu aya. Mu da muke nomanta a jihar nan muna sa ta layi ɗaya da gyaɗa, tun da tana da mai. Ashe saiwa ce, cike da sitaci da sukari. Na yi kwana biyu ina taunarta hankalina kwance kafin in duba. Kilishi ma sai an tambaya, wasu na sa sukari a labu. Nono yana da nasa sukarin, wajen giram 5 a kowane mililita 100, saboda haka kindirmo rabin kofi ne iyakata. Ita kanta gyaɗar, in aka zauna da leda guda ana hira, lissafi ya ɓaci.

Sai kuɗi, wanda masu bidiyon intanet ba sa kawo zancensa. Abin da nake kashewa a cikina ni kaɗai a yini, da gero aka auno da shi, da ya ciyar da gidan nan gaba ɗaya. Jika biyu ba ta kai ni dare in har zan ƙoshi. Wanda ya tsara wannan abinci ba da albashin malamin kwaleji ya yi lissafi ba. Mai ɗakina ba ta yi ƙorafi ba, ta dai ce in rubuta a littafin nawa cewa tukunya biyu take ɗorawa yanzu. Ga shi na rubuta.

Abu ɗaya dai ba zan ɓoye ba: yunwa ta ragu ƙwarai. Da can ƙarfe goma sha ɗaya na yi, cikina ya fara kiran ciroma, yanzu sai in kai ƙarfe biyu ban tuna ba. Kilomita 14 yau, ba daɗi, ba wahala.

Lahadi, 24 ga Nuwamba

Gwajin kilomita 5 na sati uku: minti 24 da sakan 5. Nauyi 73.

Na fi da rashin nauyi da kilo uku, amma na fi da nawa da minti ɗaya da sakan 25. Kilomita biyun farko lafiya. Da na zo in ƙara wuta a ta uku, sai na laluba na ji babu. Numfashi ya cika mini ƙirji kamar ina hawa tudu, zuciya na dukan tara-tara, ƙafa kuwa ta ƙi ƙara komai. Ba gajiyar da na saba ba ce, wadda tsoka ke zafi. Wannan kamar kabu-kabu ne da giyarsa ta sama ta ƙi shiga, injin na ta kuka, ana tafiya a ta uku.

Na dawo gida na zauna da alƙalami. Kitse ya fi sukari kalori a kowane giram, wannan haka yake. Amma mai gudu da sauri ba giram ne ke masa iyaka ba, iska ce. Lita ɗaya ta iskar oksijin, in sukari aka ƙona da ita, tana ba da kalori wajen 5.0. In kitse ne, wajen 4.7. A tafiyar hankali ba ka jin bambancin, don huhu da zuciya na da rara. In ka kusa ƙurewa kuwa, kashi shida ko bakwai cikin ɗari ɗin nan shi ne tazarar da ke tsakaninka da wanda ya wuce ka.

An auna wannan a kan gwanaye. Louise Burke da abokan aikinta a cibiyar wasanni ta Ostareliya da ke Kanbera sun tara manyan ƴan tseren tafiyar sauri, wasan nan da ba a yarda ƙafa biyu su bar ƙasa tare ba, suka raba su kashi uku, suka ba su horo iri ɗaya na sati uku da abinci daban-daban. Sakamakon ya fito a 2017. Masu keto sun koyi ƙona kitse sosai, har fiye da giram ɗaya da rabi a minti, amma suka koma buƙatar iska fiye da da a gudu iri ɗaya. A tseren kilomita 10, masu cin sitaci da yawa kullum sun rage lokacinsu da kashi 6.6 cikin ɗari, masu keto ba su rage komai ba. Da aka yi ta gardama, suka sake gwajin, suka buga a 2020, amsa ba ta canza ba.

Na tura wa ɗalibinmu wannan. Ya ce sati uku ya yi kaɗan, jiki bai gama sabawa ba. To, akwai sauran sati biyar.

Lahadi, 1 ga Disamba

Na karya ƙa'ida, kuma ba zan ɓoye ba.

Jiya aka yi sunan ɗan ƙanena a babban gida. Da safe na kauce wa dabino da goro da dabara, na zuba a aljihu. Da rana na ce na ci a waje. Bayan la'asar na shiga gaida Inna. Ni ne ɗan fari, ba ta kiran sunana, ba ta ma cika dubana kai tsaye ba. Sai ta juya wajen mai ɗakina ta ce, "Ke, me ya samu wancan, ya koma kamar kazar mayu? Ko ba ki ba shi abinci?" Baiwar Allah ta sunkuyar da kai ta ce, "Inna, shi ya hana kansa, wai bincike yake." Inna ba ta ce uffan ba. Ta jawo ƙwarya, ta dama hura da hannunta, ta turo gabana da ludayi a kai, ta ci gaba da hirarta da baƙi.

Duk iliminka ba ka ture ƙwaryar da uwa ta dama. Na sha ludayi biyar. Wallahi sai da na ji ta har cikin yatsun ƙafa.

Yau da safe tsinken gwaji bai rine ba ko kaɗan. Kilomita 12 ɗin da na yi kuwa sun fi duk na watan jiya sauƙi, abin da ya ba ni haushi ya kuma ba ni dariya.

Laraba, 4 ga Disamba

Launi ya dawo a tsinke. Kwana uku ludayi biyar suka ci mini.

Lahadi, 15 ga Disamba

Yau na ga abin da masu keto ke yabo, kuma ba ƙarya suke ba.

Mun yi niyyar kilomita 30, mu uku. Na sha romo da ruwa kawai na fita. Hazo ya rufe gari, sanyi har cikin ƙashi, amalanken shanu na shigowa da kara da itace, masu su sun naɗe fuska da rawani. Muka kama tafiyar da mutum zai iya hira a cikinta, minti shida da ƴan kai kowace kilomita. Sau biyu na taɓa yin wannan nisa a baya, kuma duk biyun a wajen kilomita ta 25 duniya ta juya mini, gwiwa ta saki, na riƙa ganin ƙosai a ido. Yau na wuce wurin ban sani ba. Ɗalibinmu, mai wa'azin keto da bai taɓa barin burodi ba, shi ya tsaya ya ciro dabino daga aljihu. Ni kuwa yadda na fara haka na gama, awa 3 da minti 6. Na dawo gida na yi wanka, na gyara takardun jarrabawa, sai azahar na nemi abinci.

Ke nan rumbun ya buɗe. Jeff Volek da abokansa a Amurka sun buga irin wannan a 2016. Sun auna ƴan gudun dogon zango su 20, rabinsu sun daɗe a kan abinci mai ƙarancin sitaci, tsaka-tsaki wata 20. Ƙololuwar ƙona kitsensu ta kai giram 1.54 a minti, ta sauran kuwa 0.67, fiye da ninki biyu. Wannan binciken ne ɗalibinmu ke yawan ɗaga mini. Sai dai ba tsere aka yi ba, ba a auna wanda ya riga wani isa ba. An nuna jiki ya iya sussuka, ba a nuna ya fi sauri ba.

Wanda ya fi burge ni shi ne tsohon binciken Stephen Phinney na 1983, wanda kusan duk masu wannan ra'ayi daga shi suka taso. Ƴan tseren keke biyar kacal, sati huɗu a kan keto. A tsaka-tsakin lissafi juriyarsu ba ta ragu ba, daga minti 147 zuwa 151. Amma in ka bi su ɗaya bayan ɗaya, mutum guda ya ƙaru da fiye da awa ɗaya, biyu kuwa sun ragu sosai, shi wancan gudan ne ya ɗaga lissafin. Kamar a ce ni da babban ɗan kasuwar garin nan, in aka haɗa kuɗinmu aka raba biyu, dukkanmu attajirai ne.

Laraba, 18 ga Disamba

Hutun ranar jamhuriya, ba lakwal. Muka yi gudun tsalle-tsalle: mita 400 da ƙarfi, a huta minti ɗaya da rabi, sau takwas. A Oktoba ina yin kowane zagaye cikin sakan 92, har na takwas. Yau na farko 94, na huɗu 101, na shida na tsaya na dafa gwiwa. Dattijo, wanda ya ba ni shekara ashirin, ya wuce ni a na biyar yana cewa, "Mushe, ba girin-girin ba dai, ta yi mai." Na ce, "Baba, man ne ma ya yi yawa."

Ba ƙarancin garin ƙwarya kaɗai ba ne. In jiki ya daɗe a kan kitse, yakan rage aikin wani sinadarin tsoka da ke buɗe wa sukari ƙofa ya shiga a ƙona shi da iska. Saboda haka ko akwai ɗan sukarin, ba ya ƙonuwa da saurin da ake so. Jiki ya koyi sana'a ɗaya, hannunsa ya yi sanyi a ɗayar.

Lokacin kokowar takobi, gasar ƙasa da ake ba zakaranta takobi, ya matso, zancen ke nan a kowace fada. Na tuna ƴan kokowa, tun zamanin su Kantu har yau, hura da nono da tuwo da nama suka gina su. Kamu ɗaya na ƴan sakanni, a ɗaga ƙato a nana shi da ƙasa, wannan ba aikin kitse ba ne. Haka ɗan ƙwallo da ke fizga yana tsayawa. Ko a dogon zangon ma, mutanen da suka fi kowa a duniya tuwo suke ci. Wani bincike na 2004 a kan gwanayen gudun Kenya ya samu wajen kashi 76 cikin ɗari na abincinsu sitaci ne da sukari: tuwon masara da suke kira ugali, da shayi mai madara da sukari. Ranar 12 ga Oktoba 2019 da Eliud Kipchoge ya yi kilomita 42 cikin awa 1 da minti 59 da sakan 40 a Biyana, babban birnin Ostiriya, a kan keke aka riƙa miƙa masa goruna na ruwan sukari yana sha yana gudu.

Lahadi, 29 ga Disamba

Sati takwas sun cika. Nauyi 71.5. Bugun zuciya da na farka, 61. Kilomita 5 ranar Alhamis, minti 23 da sakan 30. Kilomita 20 yau, awa 1 da minti 53.

Ke nan gajeren gudu ya ɗan farfaɗo daga ramin Nuwamba, amma har yanzu yana bina bashin sakan 50, duk da kilo huɗu da rabi da na sauke. Dogon kuwa ya dawo inda yake, da ƙarin minti ɗaya, sai dai yanzu ina gama shi ba yunwa ba jiri. Jinin da aka sake ɗiba ranar Juma'a: sukari lafiya, amma kitsen jini irin wanda ke toshe jijiya ya hau sama da na Nuwamba. Lokotoro ta dubi takardar ta ce, "Mushe, man shanun nan ya isa haka." Wannan na faruwa ga wasu masu keto, wasu kuma ba ya taɓa su, ni dai ina cikin na farko.

Ɗalibinmu ya ce wata shida ake buƙata. Na ce masa ga hanya nan, shi ya ɗauka daga inda na tsaya, in ba shi littafin. Ya yi dariya ya ce yana da jarrabawa.

In za a yi mini adalci a yi wa keto ɗin ma: mutum ɗaya ne ni, ba wani na biyu da ya ci tuwo aka gwada mu tare. Na fara ana sauran zafi, na gama cikin hazo da ƙura. Na sha hurar Inna a tsakiya. Kuma na shiga da ra'ayina tun farko, wanda mai yiwuwa ya bi ni har cikin ƙafa. Abin da zan iya rantsewa a kai shi ne abin da agogo ya nuna. Da tafiyar yini guda zan yi a hankali, irin ta masu kora dabbobi zuwa kasuwa, da na zaɓi jikin nan na yau. Amma mu abin da muke yi kilomita 5 ne da 10 da 20, kuma a ƙarshen kowanne akwai mita ɗari biyun da ake son a wuce dattijo.

Lahadi, 5 ga Janairu 2025

Na koma kan hatsi tun Litinin, a hankali. Ranar farko kunu, ta biyu tuwo malmala ɗaya. Kwana biyun farko cikina ya kumbura, barci ya riƙa ɗibata bayan azahar har a ɗakin malamai. Zuwa Alhamis ya wuce. Nauyi ya koma 73, ruwan nan ne da ya tafi a satin farko ya dawo tare da garinsa.

Kilomita 5 yau da safe: minti 22 da sakan 5. Ban taɓa yin irinsa ba tun da na fara gudu. Ɗalibinmu ya yi tsalle ya ce ai ga amfanin keto nan. Ni a ganina kilo ukun da ban ɗauke da su ne suka yi aikin, ga kuma giyar sama ta dawo. Muka bar musun a nan, don dattijo ya ce in muka sake tada shi zai canza abokan gudu.

Abin da zan riƙe: dogon gudun Lahadi zan ci gaba da yinsa kafin karin kumallo, da romo kawai. Daren da za a wayi gari a yi gudun ƙarfi kuwa, tuwo har in ƙoshi. Shayi rabin sukari, tun da harshe ya saba. Man shanu cokali ɗaya. Zan sake kai jini a Fabrairu. Azumi na zuwa farkon Maris, ina so in auna yadda gudun bayan la'asar zai kasance a kan na bayan tarawi, zan buɗe masa sabon shafi.

Mai balangun bakin titi ya tare ni jiya, ya ce kwana shida bai gan ni ba, ko lafiya. Na ce lafiya lau, uwar gida ce ta karɓe kuɗin ta auno gero tiya goma.